Karen Debbie da Maganin Dodon Koɗi

Mitchellville, Maryland
24 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Malam Zulkifilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Daga nan nesa nake durƙusawa in gaishe ka, da fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Yaya Sadiyya da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauwaƙe ciwon gwiwar nan da Fatihu ya ce ya fara sa ka yin sallah a zaune. Ya damina? Mun ji Funtuwa ta sha ruwa bana, Allah ya sa a girbe lafiya. Mu ma nan sai godiya. Alhaji yana nan yana fama da aiki, kullum ya bi jirgin ƙasa zuwa Washington ya dawo a gajiye yana ƙorafin cunkoso. 'Yarmu Tayyiba za ta koma makaranta mako mai zuwa, ta yi tsawo har ta wuce ni, ba ta kuma bari in manta da hakan.

Na san za ka ce ga waya, me ya kawo takarda. To, na san halinka. In na kira ka da labarin nan, kafin in kai tsakiya ka fara dariya, ni kuwa da na ji dariyarka sai in ji kunya in fasa faɗin abin da ya kawo ni. Shi ya sa na zauna na rubuta. Zan ɗauki hotonta in tura wa Fatihu, ya ba ka ka karanta da kanka.

Maganar 'yarka ce, babbar yarinyar gidan nan. Ka tuna bayan ƙaramar Sallah na kira ka ina kuka, na ce ta kafe sai ta yi karatun likitan dabbobi. Shekara biyu ke nan da gama digirinta tana aiki a wani asibitin dabbobi a matsayin mataimakiya, ni kuwa ina zuba ido ta gaji ta bari. Na ce maka dabbobin nan ba shanu da awaki ba ne, karnuka ne da maguna, me za a ce a gida in aka ji jikar Malam mahaifinmu tana wanke wa kare baki. Na roƙe ka ka sa baki, tunda ba ta taɓa tsallake maganarka ba. Ka kira ta, ta ce to, Kawu. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuma na yi ta murna na yi nasara. Yau na dawo in janye wannan roƙon, kuma ga dalili.

Ka san lambun da nake yi a bayan gida. Ba wani babba ba ne, amma ina ji da shi: yakuwa, rama, alayyahu, kuɓewa da ɗan attaruhu. Matan Hausawan yankin nan har daga Sterling suke zuwa a yankar musu yakuwa, ni kuma in yi ta hura hanci. To bana an yi ruwa da yawa, sai wani ƙwaro ya addabe ni. Dodon koɗi ne, amma tsirara, ba shi da gida a bayansa, nan ana ce masa silog. Da safe sai in tarar da alayyahu duk huji, ga yauƙinsa yana sheƙi a kan ganye. Na zuba toka, na zuba ɓawon ƙwai, kamar ma ina ƙara musu ƙarfi. Da na gaji sai na je kanti na sayo maganinsu, wasu ƙananan ƙwayoyi shuɗaye masu kama da abincin kaji. An yi rubutu mai yawa a bayan ledar, amma ka san ƙanwarka, ban karanta ba. Na juye shi a tsohon gwangwanin madara yadda muke yi da komai, na jefa ledar a shara.

A nan ne na yi wautar. An ce ashe warwatsa shi ake yi kaɗan-kaɗan a ƙasa. Ni kuwa sai na tuna yadda Inna, Allah ya jiƙanta, take yi wa ɓeraye a ɗakin ajiya: ta marmasa busasshen kifi, ta gauraya da magani, ta zuba a murfi ta ajiye a lungu. Na ce abin da ya yi wa ɓeran Funtuwa ai zai yi wa ƙwaron Amurka. Na ɗauko kan kifin da ya rage a miya da ɗan garinsa, na cika murfi huɗu da magani, na gauraya sosai, na jera su a gindin yakuwa jikin shingen katako. Har ina yaba wa kaina dabara. Ban ko tuna cewa akwai wani katako da ya ruɓe daga ƙasa a wurin ba.

Bayan shingen nan gidan Debbie ne, maƙwabciyarmu. Tsohuwa ce, ta haura saba'in, ta yi ritaya daga aikin gwamnati. Ita ce ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa da muka tare a unguwar nan, kuma duk lokacin da muka zo gida Nijeriya ita ke kwashe mana wasiƙu ta ba lambu ruwa. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, 'ya'yanta suna can wani gari mai nisa. Abin da ya rage mata a gidan ɗan kare ne na mijin, gajere mai dogayen kunnuwa, wai sunansa Biskit. Da shi take hira, da shi take fita yawo. Ni dai shekara da shekaru in na hango shi sai in tattare zanena in canza hanya, Debbie kuma ta gane, ba ta taɓa barin ya matso ni ba.

Ranar Asabar da safe, wajen ƙarfe tara, ina kicin ina dama kunu, Alhaji ya tafi ɗaurin aure Sterling, sai na ji ihun Debbie tana ƙwala wa yarinyar nan kira ta kan shinge. Yarinyar tana hutu ranar. Ta sauko a guje ba ko takalmi, ni ma na bi ta. Muka tarar da karen kwance a kan ciyawa, jikinsa duk yana karkarwa kamar wanda zazzaɓi ya kayar, yana haki, yawu na dalala. In ya yunƙura zai tashi sai ƙafafun su sandare ya faɗi. Debbie tana ta cewa ba ta san me ya same shi ba, lafiya lau ta buɗe masa ƙofa ƙarfe bakwai. Yarinyar ta durƙusa ta duba idonsa, ta taɓa kunnensa, sannan ta je ta duba inda ya yi amai. Aman shuɗi ne, kuma daga inda nake tsaye na ji ƙarnin kifi.

Yaya, a take na gane. Ba zan ɓoye maka ba, abin da ya fara zuwa raina shi ne in yi shiru, tunda ba wanda ya gan ni. Sai ta ɗago ta dube ni. Yarinyar nan da kullum in na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, ranar da Hausa ta yi mini magana, a hankali, don kada Debbie ta ji. Ta ce in gaya mata me na zuba a lambu, ba laifi take nema ba, sunan maganin take nema, don ran karen yana kan sunan. Ta rufa mini asiri a lokacin da ni kaina ban cancanci a rufa mini ba. Na gaya mata komai. Ta ce ina ledar. Na ce tana shara. Da hannuna na kifar da kwandon sharar a bakin gareji, na tona cikin ɓawon albasa da ruɓaɓɓen tumatir har na zaƙulo ta.

Da na miƙa mata ledar sai na sake yin wani abin. Na ruga kicin na ɗauko jarkar manja da cokali. Ai ka san mu, ko yaro ya sha kananzir ko akuya ta ci abin da ba shi ba, manja ake ɗurawa. Na durƙusa zan buɗe bakin karen, ni da ban taɓa taɓa kare ba, don dai in gyara ɓarnar da na yi. Sai ta riƙe mini wuyan hannu. Tunda na haife ta ba ta taɓa riƙe ni haka ba. Ta ce in yi haƙuri, kada ɗigo ɗaya ya shiga bakinsa. Ta ce dabbar da ke karkarwa ba ta iya haɗiya daidai, man zai bi ta huhu ya shaƙe shi, kuma irin wannan gubar mai da madara suna ƙara mata saurin shiga jini ne. Na ce ai haka muka taso muka ga ana yi. Ta ce ta sani, amma yau in bar mata. Na ajiye cokalin.

Daga nan sai na ga wata mace da ban sani ba a jikin 'yata. Ta kira asibitinsu, ta karanta musu sunan gubar daga jikin ledar, ta faɗi nauyin karen da lokacin da take zaton ya ci, ta ce su shirya muna tafe. Ta sa Debbie ta daina kuka da ƙarfi, don ƙara da haske suna tayar masa da jijjiga. Ta sa Tayyiba ta jiƙo tawul da ruwan famfo, ta ce ban da ƙanƙara. Debbie a ruɗe take ba ta iya tuƙi, ni kuwa ka san ba na hawa babban titi. Saboda haka yarinyar ce za ta ja mota, sai an sami mai riƙe karen a baya. Ta dube ni. Na shiga na zauna, aka ɗora mini shi a cinya.

To, yi dariyarka yanzu, na ba ka dama. Ƙanwarka Sa'adiya, mai tattare zane in ta hango kare, ta yi minti ashirin rungume da shi, yawunsa na zuba a kan atamfarta. Zafin jikinsa har cikin cinyata nake ji, kamar an ɗora mini tukunyar da aka sauke yanzu. Ita kuma tana tuƙi tana kallona ta madubi, tana cewa in shafa jiƙaƙƙen tawul a cikinsa da tafin ƙafafunsa, in kare masa ido, in kau da hannuna daga bakinsa in jijjigar ta taso. Sau biyu ta taso a hanya. Ban san lokacin da na fara yi masa addu'a ba.

Muna isa suka karɓe shi. Yarinyar ta tura gefen hijabinta cikin riga, ta sa safar hannu, ta bi su ciki. Akwai gilashi a ƙofar, na tsaya ina leƙe. Mutum biyu suna danne da karen, ƙafarsa na fizga, ita ce ta nemo jijiya ta sa allurar ƙarin ruwa, sau ɗaya tak. Na ga likitar, wata dattijuwa mai furfura, tana magana ita kuma tana miƙa abu kafin a gama faɗa. Suka yi masa allurar da ke kwantar da jijjiga, suka sa shi barci, suka wanke masa ciki. Ni da na yi shekara biyu ina ɗauka share kashin maguna take yi a wurin nan.

Na koma na zauna kusa da Debbie. Ba wanda ya sa ni, amma bayan abin da yarinyar nan ta yi, na ga ba zan iya zama ƙasa da 'yar da na haifa ba. Na gaya wa Debbie ni ce na zuba maganin, ni ce na gauraya shi da kifi, kuma na san da ramin shingen na manta. Ta dube ni ta daɗe. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta tashi ta koma kujerar can gefe, ta bar ni da warin kare a jikina da abin da na yi.

Bayan kamar awa biyu likitar ta fito. Ta ce wa Debbie jijjigar ta lafa, zafin ya sauka, amma sai an kwana biyu ana dubawa, don gubar tana iya taɓa hanta daga baya. Ta ce wannan dafin ba shi da makari, abin da ke ceton dabba shi ne a kawo ta da wuri, a san abin da ta ci, kuma kada a ɗura mata komai a gida. Ta ce da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi. Sannan ta juyo ta tambaye ni ko ni ce mahaifiyar yarinyar. Na ce ni ce. Ta ce shekara talatin tana aikin nan, mataimakan da ta gani masu nutsuwa da hannu irin nata ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ta ce tun watan Mayu ta rubuta mata takardar shaida don neman makarantar likitan dabbobi, amma yarinyar ta ce ta ajiye, wai an yanke magana a gida. Ta tambaye ni, cikin ladabi, ko akwai abin da za ta iya yi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Biskit ya kwana uku ya dawo gida da ƙafarsa, an aske masa hannu ɗaya inda aka sa allura. An sake duba hantar bayan mako guda, lafiya lau. Mu kuma ranar Asabar ɗin nan muka bi lambu da safar hannu muka tsince maganin ƙwaya-ƙwaya. Murfi biyu karen ya lashe tas. A gindin na uku muka tsinci wani tsuntsu mai jan ƙirji a mace, irin masu zuwa mini kullum in ina ban ruwa. Wannan kam ba a cece shi ba, kuma yana wuyana. Yarinyar ta ce haka maganin yake yi wa maguna da kurege da duk abin da ya ci, har ƙananan yara, ni kuwa sai na tuna yaran da iyayensu ke sakewa a lambun in sun zo yankan yakuwa, na yi ta salati. Alhaji ya sauya katakon. Yanzu falankin katako nake jiƙawa in kwantar tsakanin kunyoyi, da safe in ɗaga in tarar sun taru a ƙasansa, in kwashe su in zuba a ruwan sabulu. Yarinyar ce ta koya mini. Debbie ta yi kwana tara ba ta ko kalli gidanmu ba. A na goma na ji ta a bakin shinge tana tambaya ko zoɓon bana ya kusa. Ba mu koma kamar da ba tukuna, amma muna gaisawa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Na sami yarinyar na ce ta cike takardun makarantar, na janye. Ta ce ta gode, amma Kawu ya yi magana, ita kuma ta amsa masa da to, ba za ta bi ta bayan maganarsa ba sai shi da kansa ya ɗage. Na yi juyin duniya, ta ƙi. Ka ga irin tarbiyyar da muka yi mata ta dawo ta tsaya mini a gaba. Tsakiyar Satumba ake rufe karɓar takardu, in ya wuce sai baɗi, kuma na san ta, in ta haƙura bana ta haƙura ke nan. Ni na sa maka maganar nan a baki, Yaya, ba ra'ayinka ba ne, kuka na yi maka ka tausaya mini. Ba zan kawo maka hujjar addini ba, kai ne malami, ka fi ni sanin matsayin mai tausaya wa dabba. Tsoron bakin mutane ne kawai ya sa ni, kuma mutanen nan ba ɗayansu da ya zo ya riƙe mini hannu ranar da na ɗauko manja. Don girman Allah ka kira ta cikin makon nan, ka ce ka ɗage, ka sa mata albarka.

In ka kira, akwai saƙon da nake so ka isar mini, don na gwada sau uku bakina ya ƙi. Ka ce mata uwarta tana alfahari da ita. Ka ce ranar nan da na leƙa ta gilashi na gan ta tsaye cikin Turawan nan da hijabinta, hannunta ko rawa ba ya yi, ji na yi kamar in buɗe ƙofar in gaya wa kowa ni na haife ta.

Ka gaishe mini da Yaya Sadiyya, ka ce daddawar da ta aiko ta kusa ƙarewa. Ka gaishe da Fatihu da amaryarsa, da Gwaggo ta Bakori in an je, da Dorkas maƙwabciyarku da har yanzu nake tuna alherinta lokacin jinyar Inna. Alhaji da Tayyiba suna gaishe ka ƙwarai. Allah ya bar mana kai, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ka san 'yar fari ce, shekara ashirin da huɗu ban kama sunanta a gaban manya ba, ko a takardar nan ka ga yadda na yi ta kewaye shi. Yau dai a gafarce ni, da shi zan sa hannu.

Ƙanwarka mai biyayya,
Sa'adiya, mahaifiyar Juwairiyya